Wane layi zan riƙe kafin sabuwar Camon ta iso Damagaram?

Mushen Ƙauye
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani. Tun buɗe lekol a watan Oktoba aka tura ni koyarwa wani ƙauye gaba da Magariya, ta wajen Dungas. Iyalina suna nan Garin Malam, sai ƙarshen wata nake shigowa. Salular da ke hannuna shekararta 4, gilashin ya tsage daga sama har ƙasa, batirin kuwa in ya kai azahar an yi sa'a. Ina cikin adashe, kwasata ƙarshen wata mai zuwa ce, in na haɗa da ɗan abin da na ajiye zai kai jika 140. Niyyata in jira Camon ɗin bana, sabuwar salular Tecno, ta fito in saya.

To ga inda gizo ke saƙar. Layin da nake riƙe da shi tun ina ɗalibi, a cikin gari ba ni da kuka da shi. A ƙauyen kuwa sai na hau tudun bayan maƙabarta kafin saƙon WhatsApp ya tafi, wani lokacin ma ina tsaye can har a kira magariba. Shin in canza layi tun yanzu, ko in bari sabuwar salular ta zo tukuna, ko ita za ta fi jawo rezo? In canzawa zan yi, wanne zan kama?

Ɗan Kabu-kabu
Wa alaikumus salam Mushe. Ni duk cikin bayanin nan jika 140 kawai kunnena ya ji. Allah ya sa mu a danshinku.

Shugaban Zaure
Kafin a yi nisa, tunatarwa. Wanda kamfani ya ɓata wa rai ya faɗi abin da ya same shi, amma ban da kiran suna. Kun tuna yadda muka kwashe bara a kan irin wannan magana, har mutum biyu suka fice daga zauren, alhali a cikinmu akwai masu cin abinci a waɗannan kamfanoni. Tarihi da bayani a kira suna, ba laifi. Ƙorafi kuwa a ce "wani kamfani". Bismillah.

Mai Gyaran Salula
Mushe, shekarata 11 a kan teburin gyara a Kasuwar Dole, kuma wannan tambayar taka kusan kullum sai an yi mini ita. Salula ba ta ƙirƙirar rezo, kamawa take yi. In anten ɗin kamfanin da ke kusa da ƙauyenku yana da nisan kilomita 20, ko ta jika 900 ka riƙe tudun nan za ka hau. Iyaka dai ka hau da abu mai kyau a hannu.

Amma akwai abu guda da ya kamata ka fara kawarwa. Ka ce gilashinka ya tsage, ke nan ta sha faɗuwa. A cikin salula akwai wata siririyar waya mai haɗa allo da ɓangaren kama rezo, faɗuwa takan ɓalle ta ko ta sassauta ta. Sai mutum ya yi ta zagin kamfani, nan kuwa ciwon yana aljihunsa. Gwajin ba ya cin ko dala. Ka cire layinka ka sa a salular wani abokin aikinka, ku tsaya wuri guda a tsakar lekol. In ya kama a tasa bai kama a taka ba, salularka ce. In duka biyun shiru, layin ne bai kai can ba.

Kuma kada ka dogara da 'yan sandunan nan na saman gilashi, kowane kamfanin salula da yadda yake zana su. Ka shiga Paramètres, wajen bayanin salula, ka nemo halin da sim yake ciki, za ka ga lamba da dBm a gabanta, ita ce ma'aunin ƙarfin rezo. A 4G, wajen -80 lafiya lau ne, -100 an fara jan ƙafa, -115 kuwa sai addu'a. Ka rubuta abin da ka gani da safe, da rana, da dare.

Mushen Ƙauye
Na gode Malam. Wallahi ban taɓa kawo maganar faɗuwar nan a raina ba. Daga kan moto ta faɗi, hanyar Bande, shekara biyu ke nan.

Ɗan Jami'a
Da izinin manya. Ni a ganina ana kallon yau ne an manta da gobe. Yaya Mushe zai riƙe salular nan shekara 4 ko 5 kamar yadda ya riƙe ta baya. Me zai hana ya jira mai 5G, ya kuma zaɓi kamfanin da ake ganin zai riga saura kawo shi? Kano da ke nan kusa MTN ta kunna 5G tun 2022. Ba za mu dawwama a haka ba.

Mai Gyaran Salula
Ƙanena, ka taɓa ganin alamar 5G ta fito a gilashin wani a garin nan? Ni ban gani ba, kuma salula nawa ke bi ta hannuna a rana. Mutumin da yake hawa tudu don saƙon murya ya tafi kake yi wa maganar 5G. Ko a Kanon ma ba kowace unguwa ba ce. Kuɗin da zai ƙara don wannan alamar gara ya zuba su a batiri mai girma da wurin ajiya.

Ɗan Jami'a
Ai haka aka ce lokacin 3G, haka aka ce lokacin 4G. Yau ga shi a jami'ar André Salifou darasin kansa ta WhatsApp ake turo mana, wanda salularsa ba ta da ƙarfi sai ya bi abokai yana roƙon a tura masa ta Xender.

Ɗan Kabu-kabu
Ɗan Jami'a, kai fa wace iri ce a hannunka?

Ɗan Jami'a
itel.

Ɗan Kabu-kabu
To madalla. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Hajiyar Birni
Ku bar yaro ya faɗi ra'ayinsa. Ni Mushe ta wani gefen zan zo maka. Kada ka kuskura ka yar da tsohuwar lambarka. Atamfa da turaren wuta nake saidawa daga cikin gida, ba ni da shago, ba ni da allo a bakin titi. Lambata ita ce shagona. Akwai matar da ta saya wurina sau ɗaya shekara 9 da suka wuce, ta koma Agadas, bara da za ta aurar da 'yarta wannan lambar ta kira, ta yi mini cinikin da ban yi irinsa ba duk shekarar. Da na bi zugar yara na canza fa?

Ƙanwata ta yi wannan gangancin. Ta ji ana rabon bonus a wani kamfani, ta sayi sabon layi ta jefa tsohon a cikin kwalla. Watanni suka shuɗe ba kira ba kiredi, ashe an rufe shi har an saida wa wani. Sai ga dangi suna kira wani ƙato yana ɗauka. Har rasuwa aka yi a Gure ba ta ji ba sai bayan addu'ar bakwai, kuma har yau akwai waɗanda ba su yafe mata ba, gani suke da gangan ta ƙi zuwa.

Kai malamin makaranta ne, iyayen yara na da, da abokan karatu, da ofishinku, duk waccan suka sani. Ka ƙara layi, kada ka canza.

Mushen Ƙauye
Gaskiya ne Hajiya. Ita ma mahaifiyata wannan lambar kaɗai ta haddace, ba ta karatu, da ka take danna ta.

Baba Mai Ritaya
Hajiya ta yi magana. Bari tsoho ya sa baki, tunda a gidan waya na ƙare aikina. Ku yaran yanzu kuna rantsuwa da sunan kamfani kamar sunan kakanku, alhali sunayen nan riguna ne. Wanda kuke kira Airtel, Celtel muka fara saninsa, ya koma Zain a 2008, 'yan Indiya suka saye shi a 2010. Moov a da Telecel ne, daga baya ya shiga hannun Maroc Telecom, a 2021 aka ƙara masa Africa. Orange ta shigo a 2008, ta saida kasonta a 2019, shi ne Zamani na yau. Namu na gwamnati kuwa, Sonitel mai wayar gida da SahelCom mai salula aka haɗe a 2016 aka sami Niger Telecoms. Huɗu ke nan, kuma babu ɗaya da ke amsa sunan da aka raɗa masa ran suna.

Abin da bai canza ba shi ne lambar mutum. Wanda ya sayi lamba mai farawa da 96 zamanin Celtel yana nan da 96 ɗinsa. Mai 90 na zamanin Orange haka, mai 94 haka, mai 93 haka. Sau ɗaya na ga an taɓa lambobin kowa da kowa, lokacin da aka mai da su 8 daga 6, muka sha tambaya a ofis har muryata ta dushe. Wayar gida ta Damagaram ta koma tana farawa da 20 51.

A Najeriya tun 2013 mutum yana iya ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa a hannu. Mu nan in ka tashi, lambar takan zauna a gidan da ka baro. Shi ya sa kowa ke yawo da layi biyu ko uku, shi ya sa kuma Tecno da itel suka ci kasuwarmu: sun zo da gurbin sim biyu tun ana yi musu dariya.

Ɗan Jami'a
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma gurbin sim ɗin ma ai yana kan hanyar tafiya. Duniya ta koma eSIM, layi ba tare da kati ba.

Mai Gyaran Salula
Yauwa, gara da ka taɓo wannan, don akwai masu karatu a zauren nan da ba sa magana kuma suna jiran iPhone, ba Camon ba. Ku saurara da kyau. Tun daga iPhone 14 ta 2022, duk wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim ko ɗaya. Wadda suka kira Air ta 2025 kuwa ko'ina aka kai ta babu rami. Watan jiya wani alhaji ya zo mini da ɗaya, ɗansa ya aiko masa daga can, sabuwa dal a kwali. Muka juya ta gaba da baya, babu inda za a sa layi. Na ce masa ya fara zuwa ofishin kamfaninsa ya tambaya ko za su mayar masa da lambarsa eSIM. Ya ce shi a fasa gefen a yi rami. Akwai masu yin hakan, ni ba na yi, don in ta mutu a hannuna ba ni da jika ɗari bakwai da zan biya.

Na biyu, salular da aka ɗauko bashi daga kamfanin layi a Faransa ko Amurka sau da yawa a kulle take, layinsu kaɗai take karɓa. Can ƙasashen ne mutum yake zaɓen kamfani saboda salular da za su ba shi, yana biya wata-wata shekara biyu. Mu nan da kuɗinka kake sayen abarka a kasuwa, ka sa layin da ka ga dama. Saboda haka Mushe, jiran Camon da zaɓen layi ba su da haɗi ko kaɗan. Layin ka warware shi a makon nan da tsohuwar salularka. Camon ta zo lokacin da ta ga dama.

'Yar Matamaye
Sannunku da hira. Mushe, tunda wajen Dungas kake, akwai abin da ba a faɗa maka ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara 3 a wani ƙauye kusa da Ɗan Barto. Mu na bakin iyaka matsalarmu daban ce: rezon Najeriya yana ƙetarowa, wani lokacin ya fi namu ƙarfi. Salula kuwa ba ta san iyaka ba, in namu ya ɗauke sai ta bi wanda ta samu. Ina zaune a ɗakina, ƙasata, na sa kiredin jika 2 da yamma, na kira gida minti kaɗan, da safe babu ko tamma. Ashe layin ya tsallaka, ana yi mini lissafin wadda ta yi tafiya ƙasar waje. Na je ofishin kamfanin, yarinyar da ke wurin ta yi mini bayani da fara'a, amma kuɗi sun tafi.

Maganinsa, ka shiga wajen zaɓen rezo ka cire shi daga otomatik, ka zaɓi kamfaninka da hannu. Ka kuma kashe itinérance na intanet, wato hawa rezon ƙasar waje. In ka shigo gari ba abin da zai canza.

Mushen Ƙauye
Ikon Allah. Ni ma na sha ganin wani suna daban a saman gilashi in na hau tudun, na ɗauka ko salular ce ta rikice.

Ɗan Kabu-kabu
Ashe Mushe kullum sai ka je Najeriya ka dawo ba ka sani ba. A kawo mana tsaraba.

'Yar Matamaye
Wasu a can sukan riƙe layin Najeriya ɗaya don intanet, musamman da naira ta faɗi, in ka canza sefa sai ka ga garaɓasa. Amma sai da lambar NIN, ta shaidar ɗan ƙasa a Najeriya, ake yi masa rajista, ke nan da sunan wani ɗan uwa na can za ka riƙe shi, ranar da aka rufe ba ka da bakin magana. Sun kuma ƙara kuɗin kira da na intanet a farkon 2025. Ni ban ba ka shawarar ka mai da shi babban layinka ba.

Direban Tanut
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma hanya ta koya mini rezo. Damagaram zuwa Tanut nake yi, wani lokaci har Agadas. Layi uku ne a motata. Daga fita gari zuwa Bakin Birji, wajen matatar mai ta SORAZ, ba ka da damuwa. Ka wuce nan kuwa sai abin ya koma rabo: wannan ya ɗauke, wancan ya dawo, wani wurin duka ukun su yi shiru sai ka hango anten na gaba. Na san kwanar da zan rage gudu in kira mai kaya, na san bishiyar da in na wuce ta sai bayan rabin awa.

Abin da na lura, wanda ya fi a hanyar arewa ba lalle shi ne ya fi a hanyar Magariya ko ta Gure ba. Wanda ya fi bara ma ba lalle shi ne na bana ba, don ana kafa sababbin anten, wasu kuma batirinsu ya gaji. Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ya ce maka kamfani kaza ya fi ko'ina a jihar nan, bai fita ba ne. Ka je wurin mai cajin salula na ƙauyenku, wanda ke da faranti mai hasken rana. Salular garin duka a teburinsa take kwana. Ka tambaye shi katin wane kamfani ya fi ƙarewa a hannunsa. Ya fi duk wani talla da za ka ji a rediyo.

Ɗan Jami'a
Amma a lissafi ai Airtel ce ta fi yawan masu layi a ƙasar, wannan ba ɓoyayye ba ne. Ba sai a bi mafi yawa ba?

Direban Tanut
Yawan ƙasa daban, ƙauyen Mushe daban. Shi ba a ƙasa duka yake kwana ba, a ɗaki ɗaya yake kwana.

Baba Mai Ritaya
Direba ya gama magana. In ƙara da dalili. Anten yana buƙatar abu biyu, wuta da hanyar da zai mai da maganar cikin gari. Kun tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana kuran, yadda rezo ya riƙa ɗaukewa tare da wuta har a cikin gari? Anten ɗin da ke da janareta da mai, ko faranti da batura masu rai, shi ya tsaya. A ƙauye kullum haka abin yake. Shi ya sa za ka ga rezo garau da rana, ƙarfe 2 na dare ya mutu, sai rana ta fito ya farfaɗo. Batura ne suka tsufa. Mai Gyara ya ce ka auna safe da rana da dare, to dalilin ke nan.

Sannan ba kowane zangon rezo ne ke tafiya da nisa ba. Na ƙasa, irin su 800 da 900, ya fi nisa kuma ya fi ratsa katangar ƙasa. Na sama, irin 1800 da 2100, ya fi ɗaukar kaya amma ba ya nisa. Don haka za ka iya samun kira ya shiga lafiya, intanet kuwa ya tsaya a kan E, alamar mai tafiyar hawainiya. Wayar fibar da aka ja daga nan ta bi Magariya zuwa Tinkim bakin iyaka, cikin aikin nan na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ita ce irin abin da ke gyara intanet a yankinku in an jona anten da ita. Ja daban, jonawa daban.

Hajiyar Birni
Baba, mu dai an bar mu a baya da 800 da 900. Ni tambayata ɗaya ce ga Mushe: uwargida wane layi ne a hannunta? Don kira tsakanin layi iri ɗaya ya fi sauƙi, forfe ɗin ma yawanci haka suke tsara shi. In ka kama sabon kamfani ita tana kan tsohon, abin da ka samu a rezo ka mayar a kiredi. Ka saya biyu, ɗaya kai ɗaya ita. Kuma ka kai ta ofis a yi rajistar da katinta, ba naka ba, ba na yaron shago ba. Ranar da layi ya ɓace mai katin kaɗai suke saurara.

Sai maganar aika kuɗin cefane. Nita da Amana a salula sai da intanet. Kuɗin da ke cikin layi kuwa, irin Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, da 'yan lambobi ake danna shi ko babu intanet. Mutumin ƙauye ya duba wannan.

Mushen Ƙauye
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Watan jiya yaro ba lafiya, sai da na ba ɗan kabu-kabu kuɗi a hannu ya kai Magariya aka tura.

Ɗan Kabu-kabu
Ka ga amfaninmu. Mu ne rezon da ba ya ɗaukewa, sai dai mai ya ƙare.

Ɗan Jami'a
Akwai fa Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, tun 2025 ya fara aiki a ƙasar nan. Malaman lekol ɗin su haɗa kuɗi mana, an huta da hawa tudu.

'Yar Matamaye
Ƙanena, malamai nawa ne a lekol ɗin ƙauye? Uku ko huɗu. Ga kuɗin na'ura, ga biyan wata, ga wutar da za ta riƙe ta a garin da Nigelec ba ta je ba. Kuma ba ya ba ka lambar da mahaifiyarka za ta kira. Inda na gan shi yana aiki, wani ɗan kasuwa ne ya kafa yana saida wifi awa-awa a ranar kasuwa.

Mai Gyaran Salula
Mu dawo kan salular kanta, don ina da ja a kan jiran. Tecno takan nuna sabuwar Camon wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, a bajekolin Basalona, haka ta yi da Camon 30 a 2024 da Camon 40 a 2025. Nunawa ke nan. Kafin ta bi ta Yamai ko ta Farm Centre ta Kano ta iso teburanmu, sai an ƙara makonni, kuma 'yan farkon da tsada suke zuwa, kowa yana son a ce shi ya fara riƙewa. A daidai lokacin ne kuma ta bara take sauka. Ni da kuɗin nan a hannuna suke, ranar da sabuwar ta shigo zan je in sayi ta bara. Abin da ya ragu in sayi ƙaramin faranti da pawabank, in daina biyan dala 20 kullum wurin mai caji.

Tecno da Infinix da itel duk gida ɗaya ne, Transsion ta ƙasar Sin, wurin gyaransu ma ɗaya ne, Carlcare. Bambancin Camon ta bana da ta bara yawanci kyamara ce da ɗan sauri. Wajen kama rezo da wuya ka ga wani abin a zo a gani.

Ko wacce ka saya, kafin ka biya ka danna *#06#, lambar IMEI da ta fito ta dace da ta jikin kwali. Biyu za ka gani in mai sim biyu ce. Ka sa layukanka duka biyu a gaban mai shagon, ka ga 4G ta fito a kowanne.

Ɗan Jami'a
A nan kam ban yarda ba. Mutum ya yi wata 10 yana zubi, sannan a ce ya sayi ta bara? Akwai daɗin sabon abu, Malam. Kuma sabuwa ta fi daɗewa tana samun sabuntawar Android.

Mai Gyaran Salula
Maganar sabuntawa gaskiyarka ce, shekara guda ce tsakaninsu. Daɗin kuwa mako biyu ne, daga nan duk cikin kwandon roba ɗaya suke shiga.

Hajiyar Birni
Ku bar shi ya sayi abin da ransa ke so, guminsa ne. Ni da na tashi sayen tawa jikata ce ta zaɓa, don launin ya yi mata.

Shugaban Zaure
Mushe ya koma bakin aiki jiya. Mu jira abin da zai gani.

Mushen Ƙauye
Salam. Na dawo da rahoto, kwana 5 ina aune-aune har direktanmu ya fara tambaya ko aikin leƙen asiri na samu.

Na farko, Malam Mai Gyara, rabin laifin na salulata ne. A tsakar lekol layina a tawa -117, a ta abokin aikina -108, wuri guda, minti guda. Ke nan ko a tasa ma ba wani abin kirki ba ne, amma saƙo yana tafiya in an yi haƙuri.

Na biyu, na je wurin mai caji kamar yadda Direba ya ce. Dariya ya yi, ya ce ai duk garin sun san sabon mushe da hawa tudu, sun ɗauka ko addu'a nake zuwa yi wa mamata. Ashe tun bayan damina wani kamfanin ya kafa anten a garin da ake cin kasuwar Laraba, kusan kowa ya koma can. Ya ara mini layinsa na kwana biyu. A ɗakina, kan katifa, -94 da safe da rana. Har kiran bidiyo na yi da yara, ƙaramar tana ta leƙa bayan salular tana nemana. Da dare yakan yi rauni wajen ƙarfe 9 in kowa ya hau, amma bai mutu ba ko da na duba ƙarfe 3.

Na cire otomatik kamar yadda 'Yar Matamaye ta ce, baƙon sunan bai sake fitowa ba. Ranar Asabar zan shigo, ni da uwargida mu je ofis da katunanmu mu sayi biyu. Tsohon layin yana nan daram, Hajiya.

Saura matsala guda. Da na zo sa layin mai cajin a gurbi na biyu, ashe gurbin ya mutu, ban sani ba tunda ban taɓa amfani da shi ba. Sai da na riƙa cire wannan ina sa wancan da tsinken tsintsiya.

Mai Gyaran Salula
Kawo ta Asabar ɗin kafin azahar, layin masu gyara, ka tambayi mai jar hula. In ƙafar gurbin ce ta lanƙwashe minti 10 ne, in duba maka waccan siririyar wayar ma. Kada ka sake sa mata tsinke.

Ɗan Jami'a
To Camon ɗin fa, Yaya Mushe? Ta bana ko ta bara?

Mushen Ƙauye
Kwasar ma ba ta zo ba tukuna. Uwar adashen ta kira ni jiya, wai mutum biyu ba su yi zubi ba.

Ɗan Kabu-kabu
Ka turo mini sunayensu ta bayan fage, na san gidan kowa a garin nan. Asabar kuma ina tashar Magariya tun ƙarfe 9, dala 60 zuwa Dole, ban da ragi.